Amsoshin Tambayoyinku: Idan Jinsi Biyu Suka Yi Barbara, Me Ke Biyo Baya?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan birnin Jos. Wasiƙun da muka ware yau duk hanya ɗaya suka bi, ko da yake masu su ba su san juna ba. Akwai ɗalibi, akwai makiyayi, akwai manomiya, da malamin makaranta, da ma'aikaciyar asibiti, da mai kiwon kifi. Kowa ta gefensa ya ɓullo, amma maganar ɗaya ce: barbara tsakanin jinsi biyu mabambanta, da abin da ake haifa, wanda muka saba ce wa ruwa biyu.

Bari mu fara da ɗalibin, ɗan aji uku a babbar sakandare, daga Anguwar Rogo. Ya ce: "Malaminmu ya koya mana cewa jinsi ɗaya su ne dabbobin da za su yi barbara su haifi ɗa, shi ma ɗan ya haihu. Sai ga shi na ga bidiyon wata ƙatuwar dabba a waya, wai ubanta zaki, uwarta damisar Indiya mai zane. Gaskiya ne ko haɗin kwamfuta? In gaskiya ne, a daji ma ana yin haka?"

To ɗana, dabbar da ka gani akwai ta. Sai dai a gidajen zu kawai ake samunta, inda mutane suka kulle zaki da damisar wuri ɗaya. A daji hanyarsu ba ta gamuwa. Ko a Indiya, zakunan da suka rage suna yankin dajin Gir ne a jihar Gujarat, kuma babu irin wannan damisa a wurin.

Malaminku bai faɗi ba daidai ba, kuma misalin da ke goyon bayansa kakanninmu sun san shi tun zamanin fatake: alfadari. Ubansa jaki, uwarsa goɗiya. Ya ɗauko girman doki da jimirin jaki, shi ya sa ake ɗora masa kayan da jaki ba zai iya ba, ya bi hanyar da doki zai gaza. Har a Alƙur'ani mai girma, cikin Suratun Nahli, an ambace shi tare da dawaki da jakuna. Amma ba ya haihuwa, in ban da wasu 'yan tsirarun mata da aka taɓa samu nan da can. Ga dalili. A cikin kowace ƙwayar halittar jiki akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, a jikinsu bayanan gado suke, rabi daga uwa rabi daga uba. Doki yana da 64, jaki yana da 62. Alfadari ya karɓi 32 daga uwa, 31 daga uba, ya tashi da 63. Jikinsa yana aiki lafiya lau da su. Matsalar sai an zo haɗa ƙwan haihuwa ko maniyyi, domin a lokacin dole zarurrukan su jeru biyu-biyu, kowane da abokinsa. Na doki da na jaki ba su dace da juna ba, ga kuma guda ɗaya da ya yi saura, sai aikin ya tsaya.

Inda masana suka daɗe suna tuntuɓe shi ne auna dukkan halittu da alfadari. Da aka samu na'urorin karanta ƙwayoyin gado, sai ga labari ya sha bamban. A 2005 wani masani mai suna James Mallet ya ƙiyasta cewa aƙalla kashi 25 cikin ɗari na jinsunan tsirrai, da kimanin kashi 10 cikin ɗari na dabbobi, sukan yi barbara da wani jinsi na kusa da su, kuma da yawa 'ya'yan suna haihuwa. Ni yadda nake ganin abin, tsakanin jinsi da jinsi ba katangar siminti ba ce, dangar kara ce. Tana raba gida da gida, kowa ya san nasa, amma ba ta hana wani abu ratsawa jefi-jefi.

Ɗauki giwa. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fara lissafa giwayen Afirka a matsayin jinsi biyu: giwar kurmi, ƙarama mai miƙaƙƙen haure, da giwar fili, babba mai faffaɗan kunne. Duk da haka, a wuraren da kurmi ya haɗu da fili, kamar kan iyakar Yuganda da Kwango, ana samun ruwa biyu kuma suna haihuwa. Ko dila, malamin daji, wanda ke yawo a Sahel da arewacin Afirka. An daɗe ana ɗaukarsa ɗaya da dilan Asiya, sai a 2015 aka gane jinsi ne mai zaman kansa. A 2018 kuma bincike ya nuna cewa asalinsa gauraye ne, kimanin kashi 72 daga kyarkecin Turai da Asiya, kashi 28 daga kyarkecin Habasha. Ka ga ke nan dabbar da muke ba yara tatsuniyarta ita kanta ruwa biyu ce tun asali.

Wasiƙa ta biyu daga wani dattijo makiyayi ce a yankin Barikin Ladi, ɗansa ne ya rubuta masa. Ya ce ana ta ba su shawara su haɗa shanunsu da bijiman Turai don ƙarin nono, shi kuwa yana tsoron ɓata irin da ya gada daga iyaye, tsantsar Bunaji da ba ta taɓa gauraya da komai ba. Yana neman shawara.

Baba, Allah ya ja da rai, ya albarkaci garke. Tsoronka yana da tushe, zan kuma zo kansa. Amma bari in fara da abin da zai ba ka mamaki: farar saniyar nan taka, ita kanta gauraye ce, kuma gaurayar ce ta ba ta ƙarfin da kake alfahari da shi.

Shanun duniya gida biyu ne. Akwai marasa tozo, waɗanda aka fara kiwo a Gabas ta Tsakiya, suka shigo Afirka shekaru dubbai da suka wuce. Jikokinsu su ne Muturu, gajerun shanun nan na kudu, da N'Dama na ƙasar Gini. Akwai kuma masu tozo, waɗanda aka fara kiwo a kwarin kogin Indus, inda Pakistan take a yau. Wasu masana jinsi biyu suke lissafa su, wasu su ce rassa biyu ne na jinsi ɗaya, amma kowa ya yarda kakanninsu sun rabu tun shekaru dubu ɗaruruwa. Masu tozo sun shigo da yawa ta gabar gabashin Afirka tare da fataucin teku, tun daga wajen ƙarni na 7. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya gano cewa babbar gaurayar da ta samar da yawancin shanun Afirka na yau ta faru ne tsakanin shekaru 750 zuwa 1,050 da suka wuce.

Akwai wani ɓangaren gado da uwa kaɗai ke ba wa ɗa, uba ba ya sa hannu. Da aka duba wannan ɓangare a shanun asali na Afirka, har da masu tozo irin Bunaji da Rahaji da Bokolo, sai aka tarar na marasa tozo ne. Ma'ana, galibi bijimai aka riƙa shigowa da su, suna hawan shanun gida, ƙarni bayan ƙarni. Mai tozo ya kawo jure zafin rana da ƙishi da doguwar tafiya. Marar tozo ya kawo sabo da cututtukan ƙasar nan, musamman sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa. Makiyaya suna zaɓa, fari da cuta su ma suna tacewa, har aka samu saniyar da za ta taka daga nan zuwa Binuwai da rani ta dawo da ƙafarta. A yankin Kwara da arewacin Oyo har yau ana ganin aikin yana gudana, domin shanun da ake kira Keteku haɗin Muturu ne da masu tozo.

Yanzu ga inda nake tare da kai, Baba. Waccan gauraya ta ɗauki ɗaruruwan shekaru, kuma ƙasar ce ta yi alƙalanci. Ta yau kuwa cikin shekara biyu ake son a gama. An daɗe ana haɗa Bunaji da Firiziyan, shanun Turai masu yawan nono, a cibiyoyin binciken dabbobi na Vom da Shika, kuma gaskiya ne 'ya'yan farko suna ba da nono ninkin na uwarsu. Sanyin Filato ma yana taimaka musu. Amma suna son abinci a gabansu, da ruwa a kusa, da wankan kaska a kai a kai, kuma kirci ya fi kama su. Idan aka ci gaba da ɗora jinin Turai a kan jinin Turai, nonon zai ƙaru a takarda, jimirin ya zube a daji. Shawarata, in kana da wurin killacewa da abincin rani, ware 'yan kaɗan ka gwada, ka kuma nemi likitan dabbobi ya ba ka ido. Amma uwar garke, wadda za ta yi tafiya, ka bar ta Bunajinta. Irin da aka yi shekara dubu ana tacewa, in ya narke ba a sayo shi a kasuwar Kara.

Sai wata baiwar Allah manomiya daga Jingir. Tambayoyinta biyu ne. Ta ce me ya sa masarar kamfani da ake ce wa mai aure take yin kyau shekarar farko, in an ajiye irinta aka sake shukawa sai ta lalace? Sannan wannan shi ne GMO ɗin da ake ta cece-kuce a kai?

Hajiya, ba ɗaya ba ne. Masara mai aure, masara ce aka haɗa da masara. Ana ware layi biyu, a tsarkake kowanne shekara da shekaru, sannan a sa bununin wannan ya sauka a gemun wancan. 'Ya'yan farko sukan fito kai ɗaya, da ƙarfi. Jikoki kuwa gadon yakan warwatse a tsakaninsu, wannan dogo wancan gajere, shi ya sa gonar ke fita ba daidai ba. GMO kuwa a ɗakin bincike ake ɗauko ƙwayar gado takamaimai a saka wa shuka. Wannan zance ne na wata rana.

Abin da ya fi dacewa da zancenmu na yau yana cikin buhunki na gyaɗa. Gyaɗa 'yar Kudancin Amurka ce, daga yankin kudancin Bolibiya da arewacin Ajantina, Turawan Fotugal ne suka kawo ta Afirka ta Yamma. Iyayenta wasu ciyayin daji ne guda biyu, jinsi daban-daban, kowanne da kuromosom 20. Kusan shekaru 10,000 da suka wuce suka haɗu. Da dabba ce, da wataƙila ta ƙare kamar alfadari. Amma tsirrai suna da wata mafita: zarurrukan sukan ninka kansu, kowanne ya samu abokin jeruwa. Sai ta tashi da 40, tana haihuwa, ta zama sabon jinsi. Duk dalar gyaɗar da aka tara a Kano, da ƙuliƙuli da man da kike suya da shi, daga wannan haɗuwa suka fito. Alkamar burodi ma haka: wata tsohuwar alkama mai 28 ta haɗu da wata ciyawar daji mai 14, aka samu mai 42. Farar doyar da ake lodi daga Binuwai da Nasarawa, wani bincike na 2020 ya nuna haɗin doyar daji biyu ce, ɗaya ta kurmi ɗaya ta fili.

In kuma kina son ki gani da idonki, shiga gonar gero a ƙasashen arewa ana dab da girbi. Za ki ga wasu tsirrai da tun suna ƙanana ba mai bambanta su da gero, sun sha noma da taki tare da shi. Sai sun fitar da kai asirinsu ke tonuwa: zangarniya siririya mai gashi, tana riga sauran nuna, kina taɓa ta tsabar ta zube ƙasa. Shibra ke nan, tsatson gero da ɗan'uwansa na daji. Manomi yana ganinta ciyawa, kuma yana da gaskiya, tana rage masa damma. Amma ta kanta gadon daji ke ratsowa cikin geron gida, kuma a shekarar yunwa, da yake tana riga nuna, ta sha tsare wa gidaje bakin salati kafin gero ya iso.

Tambaya ta huɗu ita ce ta fi shiga zuciyar maganar. Wani malamin kimiyya daga Bukur ya ce: "Mun ji amfanin da ɗan Adam ya samu. Amma a daji, inda ba makiyayi ba manomi, me wannan gauraya ke ƙara wa halittu? Ba ɓata iri kawai take yi ba?"

Malam, wani lokaci tana ɓatawa, za mu zo nan. Amma sau da yawa ita ce hanya mafi sauri da jinsi ke samun sabon hali. Kafin sabon hali mai amfani ya ɓullo da kansa a cikin ƙwayoyin gado, ana iya shafe dubban shekaru. In kuwa maƙwabci ya riga ya mallake shi, barbara kaɗan ta isa a karɓo.

Tafkin Biktoriya da ke tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya shi ne babban misali. Masu binciken ƙasa sun nuna ya ƙafe kimanin shekaru 15,000 da suka wuce, sannan ya sake cika. A wannan ɗan lokaci, wanda a lissafin halittu bai taka kara ya karya ba, aka samu jinsi kusan 500 na wasu ƙananan kifaye dangin karfasa. Wani yana kankare gansakuka a jikin dutse, wani yana fasa katantanwa, wani ƙwari yake ci, wani 'yan'uwansa kifaye yake farauta. Ta yaya haka ta faru da wannan sauri? A 2017 aka samu amsa: kakanninsu haɗin zuriya biyu ne, ɗaya daga ɓangaren kogin Kwango, ɗaya daga ɓangaren Nilu, da suka gauraya kimanin shekaru 150,000 da suka wuce. Gaurayar ta tara musu gado iri-iri. Da tafki ya buɗe da guraben abinci ba mai ci, sai kowane rukuni ya ɗauki haɗin da ya dace da gurbinsa.

An ma taɓa ganin sabuwar zuriya tana tashi a gaban idon masu bincike. A 1981, a wani ɗan tsibiri mai suna Daphne Major cikin tsibiran Galapagos, Peter Grant da matarsa Rosemary da ɗalibansu suka ga wani baƙon tsuntsu namiji, ya fi na wurin girma, kukansa ma daban. Daga baya aka gano daga tsibirin Española ya ɓato, tafiyar fiye da kilomita 100. Ba matar jinsinsa a wurin, sai ya haɗu da 'yar gida. 'Ya'yansa maza suka gaji kukansa, matan tsibirin ba sa amsa musu, sai zuriyar ta koma aure a tsakaninta. Cikin 'yan tsatso kaɗan suka zama rukuni mai zaman kansa, da girman bakinsu da abincinsu.

Ba sai mun je nesa ba ma, Malam. Ka hau hanyar Laminga, gabas da Jos, zuwa dajin Amurum inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI take. A cikin duwatsun nan akwai wani ɗan tsuntsu mai jan baya, ɗan'uwan jan tsuntsun nan ƙarami da ke tsintar tsaba a tsakar gida. Sai a 1998 masani Robert Payne ya bayyana shi ga duniyar kimiyya a matsayin jinsi na daban. Akwai kuma wani, namijinsa baƙi mai sheƙi a lokacin haihuwa, wanda a Turance sunan Filaton Jos yake ɗauke da shi. Shi wannan ba ya yin sheƙa. Macensa takan faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar mai jan bayan. In an ƙyanƙyashe, ɗan baƙon yana buɗe baki sai ga zane da ɗigo a cikin bakinsa irin na 'ya'yan gida sak, masu sheƙa su ciyar da shi tare da nasu. Yana girma yana jin kukan mariƙinsa, ya haddace. In ya balaga, namiji da wannan kuka zai yi zawarci, mace kuma mai wannan kukan kaɗai take saurara, sannan ta nemi irin sheƙar da ta tashi a ciki.

Dangin wannan tsuntsu kusan jinsi 10 ne a Afirka, kowanne da mariƙinsa. Kuka ne ya raba su. To idan wata mace ta kai ƙwanta sheƙar da ba ta gidansu ba fa? In tsuntsun da ta kai wa ba shi da mai ɗora masa reno, 'ya'yanta za su tashi da sabon kuka, su nemi juna, an kama hanyar sabon jinsi. In kuwa sheƙar ta mariƙin wani danginsu ce, 'ya'yan za su tashi da kukan wancan dangi, su yi aure a cikinsu, jini ya gauraya. Binciken da aka wallafa a 2003 ya nuna duka biyun suna faruwa a wannan dangi. Kuskuren ƙwai ɗaya yana iya raba zuriya, yana iya haɗa ta. Ina roƙon malaman makarantun Jos, ku kai yara su ga wurin nan. Masana daga ƙasashen duniya suna zuwa dominsa, mu kuwa muna wucewa ta gefensa a mota.

Ma'aikaciyar jinya daga Rikkos ta rubuto cewa ta ji ana cewa sauron yanzu ba ya jin maganin gidan sauro, wai har auratayya yake yi. Ta ce gaskiya ne ko zancen majalisa?

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, kuma akwai gaskiya a ciki. A nan ne gaurayar ke juyowa kanmu. Manyan masu yaɗa zazzaɓin cizon sauro a Afirka ta Yamma sun haɗa da jinsi biyu da ido ba ya bambanta su, Anopheles gambiae da Anopheles coluzzii. Sai a 2013 aka ba na biyun sunansa. Na farko ya fi son 'yan kududdufan ruwan sama, na biyu ya fi son ruwan da ke daɗewa, irin na fadamun shinkafa. Yawanci kowa a cikin nasa yake barbara. Shi gambiae ya riga ya samu wani canji a ƙwayar gadonsa da ke sa shi jure maganin da ake sa wa gidan sauro. A wani ƙauye a ƙasar Mali inda masu bincike suka daɗe suna bibiya, sun ga cewa wajen 2006, daidai lokacin da aka yawaita raba gidajen sauro masu magani, an samu 'yar gauraya tsakanin jinsunan biyu, sai wannan hali ya tsallaka zuwa coluzzii. Da yake duk sauron da ba shi da wannan hali, mutuwa yake yi, cikin 'yan shekaru ya game su. A wurin sauro wannan tsira ce, a wurinmu kuwa ƙarin aiki.

Amma don Allah kada wani ya ji wannan ya naɗe gidan sauronsa. Ragar kanta tana tare sauro ko da maganin ya rage kaifi, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da sababbin gidajen sauro masu magani iri biyu saboda wannan matsala.

Tsargiya ma ta shigo layi. Tsutsar da ke sa yara fitsarin jini tana da 'yar'uwa da ke kama shanu, dukansu ta jikin katantanwar ruwa suke bi. A 2009 aka ba da rahoton ruwa biyunsu a jikin yara a arewacin Senegal, kuma irin wannan ruwa biyu na cikin abin da ya kama masu wanka a wani kogi a tsibirin Kosika na Faransa a 2013. Maganin da kuke bayarwa a asibiti yana aiki a kanta. Sai dai abin ya isa ya sa likitan mutane da likitan dabbobi su riƙa zama teburi ɗaya, tunda yaro da saniya mashaya ɗaya suke zuwa.

Wasiƙar ƙarshe daga wani Alhaji ce mai kiwon kifi a wani tsohon kududdufin haƙar kuza a bayan Rayfield. Ya ce yana kiwon haɗin tarwaɗa da ramboshi, kuma bara da ruwa ya yi yawa wasu sun bi ambaliya sun shiga rafi. Abokinsa ya ce ba komai, ai irinsu ba sa haihuwa. Yana tambaya ko hankalinsa ya kwanta.

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ga masu sauraron da ba su san sana'ar ba, wannan kifi ba a rafi ake samar da shi ba. Ana zaɓar macen tarwaɗa mai cikakken ciki a yi mata allura da yamma. Da safe a naɗe kanta da tsumma, a matsa cikinta a hankali, ƙwai ya zubo cikin roba. Namijin ramboshi kuwa sai an yanka shi an ciro 'ya'yan marainansa, a tsaga, a matse ruwan a kan ƙwan, a gauraya, a shimfiɗa kan raga cikin ruwa. Bayan kwana ɗaya, ko fiye in sanyin Jos ya kama, sai ka ga 'yan mitsi-mitsin abubuwa suna motsi. Ɗan yakan ɗauko saurin girman ramboshi da taurin ran tarwaɗa, shi ya sa masu kiwo ke sonsa.

Zancen abokinka rabin gaskiya ne. Haihuwarsu tana da rauni, amma an gwada an ga wasunsu suna yin ƙwai da maniyyi masu rai. Kuma ga abin da ya faru a Tailan: sun shigo da tarwaɗar Afirka suna haɗa ta da tasu ta gida don kiwo, wasu suka tsere, daga baya masu bincike suka tarar da gadon ta Afirka a jikin tarwaɗarsu ta daji. Ko ma kifinka bai haihu ba, bakinsa ya isa ɓarna, domin ba abin da yake bari a ƙaramin rafi.

A nan ne nake raba gaurayar da daji ya yi da kansa da wadda muka tura. Ta daji kaɗan-kaɗan take zuwa, a bakin iyaka, kuma jinsunan biyu suna nan da yawansu. Tamu takan zo da yawa a lokaci ɗaya, ta faɗa kan wanda ya riga ya yi ƙaranci. Kyarkecin Habasha da na ambata ɗazu bai fi kimanin 500 ba a duniya, kuma a tsaunukan Bale an samu karnukan makiyaya suna barbarar matansu, ga haukan kare da suke kai musu. Jinsin da ya rage haka, in ana zuba masa jinin kare, zai iya ɓacewa alhali ba a harbi ko ɗaya ba. Su ma kifayen Biktoriya, mace da launin namiji take gane nata. Da aka sare itatuwa, datti da taki suka kwarara tafkin ya gurɓace, sai ta daina bambancewa, jinsunan da suka rabu suka fara narkewa cikin juna, bayan ɓarnar da giwan ruwa da aka zuba a tafkin a shekarun 1950 ya riga ya yi musu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, rafukanmu na Filato ma kogunan Kaduna da Gongola da Binuwai suke ciyarwa.

Saboda haka Alhaji, kafin damina ta kankama, ka ɗaga bakin kududdufin, ka sa raga mai ƙananan ido a mashiga da mafitar ruwa, ninki biyu, ka riƙa duba ta bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Ka rage yawan kifin kafin watan Agusta. Kuma ragowar 'ya'yan da ba ka sayar ba, kada a juye su a rafi da sunan sadaka, a ba wani mai kiwo ko a soya.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya a kan ƙudan zuma daga Mangu, da mai tambayar dashen mangwaro daga Farar Gada, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.